Ni da Ankul Wong a Motar Ƙarshe

Idan aka tambaye ni yadda Malesiya take, cewa nake yi ƙasa ce mai yawan ruwan sama da titi mai kyau, sai in ja bakina in yi shiru. Yau dai zan faɗi sauran, don na gaji da riƙe shi. Sunana Rabi'u, bakanike ne ni ɗan Ƙofar Ruwa, kuma karatun injin mota ne ya kai ni Kuala Lumpur. Karatun ko shekara bai yi ba ya watse.

Zangona na farko unguwar Danau Kota, hawa na goma sha bakwai, mu shida a gida mai ɗaki uku. Wanda ya kawo ni ɗan garinmu ne, Alhaji Ɗanlami, dillalin makarantu, mutum mai ƙamshin turare da daɗin baki. Da bizata ta kusa ƙarewa sai ya ce in kawo fasfo ya kai a sabunta. "Sati biyu kacal, ƙanena," in ji shi. Na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya. Ba a yi sati biyun ba aka kulle gari saboda korona. Da farko yana ɗaga waya ya ce ofisoshi ne a rufe, in yi haƙuri. Daga baya wayar ta daina shiga. Ranar da na samu na lallaɓa har gidansa, mai gadi ya ce ai tuni ya kwashe kayansa. Makaranta kuma ta aiko mini da saƙo mai ladabi cewa tunda ba ni da biza, sun cire sunana.

Ka ga ke nan na zama mutumin da ba shi da fasfo, ba shi da biza, a garin da ko kanti za ka shiga sai ka haska waya an san ka shiga. Tsoro na gaske a nan na san shi. Muna jin labarin manyan motoci masu raga a taga, waɗanda ake fakawa a gindin bene a kwashe baƙi marasa takarda. Wanda aka kwasa kuwa sansani ake kai shi, kuma a lokacin cutar ta fi yawa a sansanin. Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai in ruga in laɓe a bayi. Na koyi fita da ledar kanti a hannu ko ba abin da na saya, don in yi kama da mai gida a kusa. Akwai wani Ba'indiye Musulmi mai mamak, wato gidan abinci, a ƙasan benenmu, in na je tapau, wato a ƙunsa mini shinkafa zalla in tafi da ita, sai in dawo in tarar ya ɓoye ƙwai a ƙarƙashi. Bai taɓa ce mini komai ba, ni ma ban taɓa ce masa na gani ba.

Mutum ɗaya ne ya san halin da nake ciki, Malam Sagir, wani malami daga Zariya da ke digiri na uku, yana zaune da iyalinsa a Pantai Dalam. In an sassauta kulle nakan je gidansa, matarsa ta yi mana tuwo da miyar kuka, in ci ina haɗiye ƙwalla. Kullum maganarsa ɗaya ce.

"Rabi'u, ka nemi takardar komawa gida ka miƙa kanka. Wannan zaman ba zama ba ne."

"In koma da me, Malam? Da jakar da na zo da ita?"

"Da ranka da lafiyarka."

Ni kuwa ina da zuciya. Ummata ta shiga gida gida ta faɗa wa dangi ɗanta ya tafi karatu waje. In ta kira ni, sai in juya kyamara wajen dogayen benaye in ce mata ga makarantarmu can.

Zango na biyu a bakin titi na same shi. Wata rana da aka ɗan buɗe gari, na ga wata tsohuwar mota ja ta mutu a gaban mamak ɗin nan, wani dattijo Basine mai farin kai ya buɗe bonet yana ta fama, hannunsa na rawa. Ni in na ji inji yana tari ƙafata ba ta iya wucewa. Na ce ya murza makulli in ji. Ya murza. Na ce kafireto ne ya sha mai ya ƙoshi. Da sukuddireba ɗaya na tayar da ita. Ya kalle ni ta saman takunkuminsa ya daɗe, sannan ya ce, "A ina ka koyi wannan?" Na ce a inda ba a jefar da mota sai ta narke.

Shi ne Ankul Wong. Yana da gareji a wani lungu a Setapak, kuma ba ya taɓa kowace mota sai ta Italiya. Tasa tana da tambari a hanci, maciji yana haɗiye mutum. Ranar da na lura da shi sai da na yi a'uzubillahi. Hannunsa ya daina riƙe sufana saboda rawa, yaran aikinsa biyu kuma sun tafi garuruwansu tun farkon kulle ba su dawo ba. Ya ce in zo mu gwada. Ranar farko, ina cire riga, ya tambaye ni kai tsaye, da "lah" ɗin nan da suke liƙa wa ƙarshen magana.

"Takardunka lafiya? In akwai matsala faɗa mini yanzu, lah."

"Lafiya lau, Ankul. Suna wajen makaranta."

Haka ta fito daga bakina, ko tuntuɓe ban yi ba. Mu an raine mu a kan rufin asiri. Mutum zai kwana da yunwa ya fito yana sakace. Kuma ina tsoron in na faɗa ya ce in kama gabana. Ya gyaɗa kai, bai ƙara tayar da maganar ba.

Rabi yake kirana, duk yadda na yi in fahimtar da shi cewa sunan mata ne. Matarsa ta sayi sabuwar tukunya da faranti ta ware mini, ba ta dafa komai a ciki sai abin da zan iya ci. Ya share mini wani gefe a bayan tayoyi ya shimfiɗa kwali don salla. In lokacin Azahar ya yi ina ƙarƙashin mota, shi ne zai buga ƙafata da sandarsa ya ce, "Tashi, Ubangijinka na kira." Wata goma muka yi a haka.

A garejin na san 'yan kulob ɗin. Masu motocin Italiya ne na yankin, su wajen ashirin: Malayu, Sinawa, Indiyawa, maza da mata. Motocin nan kuwa, Allah na tuba, sun fi amarya shagwaɓa. Yau lagireto, gobe wuta, jibi baƙin mai na ɗiga ba dalili. Amma mutanen nan so suke musu kamar 'ya'ya. Shugabarsu Kak Zarina ce, wato Yaya Zarina, wata Bamalayiya mai ɗan jiki da murya kamar ta hedimasta. Kafin korona duk wata sukan yi jerin gwano su hau duwatsu su sha shayi su dawo. Da kulle ya hana su, sai suka juya abin. Lokacin mutane sun fara rataya farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare a gidan. 'Yan kulob suka riƙa cika but ɗin motocinsu da shinkafa da mai da madarar yara, kowa ya zagaya unguwarsa. Ni nake ɗaure kwalayen a gareji. Ban taɓa bin su rabo ba, saboda shingen 'yan sanda. Kullum ina da aikin da ban gama ba. Ranar Sallah ƙarama suka haɗa mini kwali nawa, har da sabon yadi da Kak Zarina ta sa aka sayo a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Gaskiya na so mutanen nan, kuma son ne ya ƙara ɗaure mini baki.

Da aka buɗe hanyoyi aka ce kowa na iya fita, murna a wajensu ba a magana. Suka sa ranar Lahadi za su hau dutsen Bukit Fraser ta hanyar Kuala Kubu Bharu, mota goma sha biyu. Ankul Wong ya sanar da ni yana dariya.

"Ni ne mai shara, motar ƙarshe. Mai shara kuwa da makaniki yake tafiya. Bana ina da na kaina."

Na ce ina da aiki. Ya ce Lahadi ce. Na so in ce ba ni da lafiya, sai na tuna in na faɗi haka shi da kansa zai ɗauke ni ya kai ni gwajin korona, kuma a can fasfo ake fara tambaya. Na kira Malam Sagir.

"Kada ka je," ya ce. "An ce an ɗage shingaye, amma ba duka ba. Ka zaunar da dattijon nan ka faɗa masa gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Bayan wata goma, Malam? Da wane ido zan kalle shi?"

"To da wane ido za ka kalle shi in a hanya ya ji?"

Na ce Allah zai rufa asiri. Ya ce Allah Ya tsare, amma muryarsa ba ta yi mini daɗi ba.

Da sassafe muka haɗu a wani gidan mai a bakin gari. Sama ta yi baƙi, ruwa bai sauka ba, iska ma ta tsaya. Kowa da takunkumi, ana gaisawa da gwiwar hannu. Kak Zarina ta raba wayar oba-oba, mota ɗaya waya ɗaya, sannan ta hau kan dakali ta karanta dokokin tafiya, wai haka suke yi kowane fita ko da kowa ya haddace. Ba a wuce na gaba. Ba a tsere. Ta ukun ce ta maimaita sau biyu: motar da ke bayanka amanarka ce; in ta ɓace daga madubinka, ka tsaya a inda kake har ta bayyana. Ni hankalina na kan titi, na ji maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Muka ɗauki hanya. Mun wuce Ulu Yam, titin ya fara lanƙwasa tsakanin daji mai duhu, motoci sha ɗaya a gabanmu suna shiga kwana suna fita ɗaya bayan ɗaya. Ankul na tuƙi yana waƙar Sinanci, yana buga sitiyari da yatsa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ni kuwa duk babur ɗin da ya taho sai na leƙa in ga ko farin nan na 'yan sanda ne. Da muka yi kusan awa ɗaya ba abin da ya faru, har na fara cewa a raina Malam Sagir ya cika tsoro.

Sai oba-oba ta yi ƙara, muryar Kak Zarina ta fito. "Shinge a gaba, bayan kwana ta biyu. A rage gudu, a sauke gilashi."

Ban san lokacin da dabarar ta zo mini ba. Na ce, "Ankul, tsaya. Ina jin ƙauri."

Ya shaƙi iska. "Ban ji komai ba."

"Wayar wuta ce. Tsaya kafin ta kama."

Duk mai tsohuwar motar Italiya ya san tsoron gobara. Nan take ya gangara gefe ya kashe. Muna bayan kwana, shingen ba ya ganinmu, mu ma ba ma ganinsa. Na ce ya zauna saboda gwiwarsa, ni zan duba. Na buɗe bonet, ya kare ni daga idonsa. Na sa hannu na zare wayar da ke kai wuta daga kwayil, na ɗora ta a bakin ramin kamar tana ciki. Lissafina shi ne sauran su wuce abinsu, mu ɓata rabin awa a nan, sannan in tayar da ita in ce ba za ta iya hawan dutse ba, mu juya gida.

"Murza, Ankul."

Ya murza. Injin ya yi ta juyawa bai kama ba. Motar da na kwana uku ina gyarawa don wannan rana. Ya sake murzawa, na ji yana lallashinta da Sinanci. Kunya ta kama ni, amma tsoro ya fi ta ƙarfi.

Oba-oba ta sake magana. Mai mota ta sha ɗaya ne. "Ban ga mai shara ba. Na tsaya."

Sai wata murya. "Ta goma, na tsaya."

"Ta tara, na tsaya."

Haka suka yi ta faɗa ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye riƙe da bonet ina ji, har aka kai kan Kak Zarina. Sai a lokacin dokar nan ta uku ta dawo mini. Na zagayo da sauri.

"Ankul, ce musu su wuce. Ƙaramin abu ne, za mu same su a sama."

Ya yi dariya. "Ba a yi, lah. Shekara ashirin ba mu taɓa barin mota a hanya ba. Ko ni na ce su tafi ba za su tafi ba."

Na koma gaban motar da niyyar in mayar da wayar, sai na tsaya. In ta tashi, shingen za mu nufa. In ba ta tashi ba, ga mota sha ɗaya jere a bakin shinge, wasu sun haye wasu ba su haye ba, duk da fitilar gaggawa a kunne. Wane ɗan sanda ne zai ga haka bai tambaya ba? Na duba dajin da ke gefena. Gangare ne mai santsi, ƙasa ana jin ƙarar ruwa. Na yi tunanin in faɗa ciki. Amma in na gudu, dattijon nan za a riƙe a tambaya wa ya ɗauko.

Ban gama shawara ba na ji ƙarar babur. Farin babur ne, ya fito daga kwanar a hankali, Kak Zarina na biye da shi a ƙafa tana haki. Ɗan sandan matashi ne mai fara'a. Ya kafe babur ya gaida Ankul da ladabi, ya ce an gaya masa motar dattijo ta lalace, ko a kira mai ja? Har gorar ruwa ya miƙo mini ganin gumin da nake yi.

Kak Zarina ta dafa mota tana mayar da numfashi. "Kun ba mu tsoro. Ai ɗaga mana hannu kawai suke yi, manyan motoci suke dubawa. Mu shida har mun haye, sai muka ji babu ku."

Wallahi da ta san abin da maganar nan ta yi mini da ba ta faɗe ta ba. Gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Ɗan sandan ya leƙa injin kamar mai sha'awa, ya yaba tsaftarsa, ya tambayi shekarar motar. Har ya juya zai hau babur. Sai ya waiwayo, kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu.

"Ɗan'uwa daga ina?"

"Najeriya."

"Fasfo, boleh?" Wato, ko zai iya gani.

Ankul ya fito da sandarsa yana murmushi. "Ɗalibi ne, yarona ne. Takardunsa lafiya, ni da bakina na tambaye shi. Nuna masa hoton a waya, Rabi."

Ban motsa ba. Ankul ya ƙaraso gaban motar ya tsaya kusa da ni, idonsa ya sauka cikin injin kamar yadda idon kowane makaniki ke yi. Shekara arba'in yana wannan aiki. Na ga lokacin da ya ga wayar da na zare. Ya kai hannunsa mai rawa ya taɓa ta, ta faɗo. Ya ɗago ya kalle ni, murmushin ya tafi.

Na san hukuncin wanda ya ɗauki marar takarda aiki ba ƙarami ba ne. Don haka na juya wajen ɗan sandan na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun wata goma da suka wuce. Na ce ba ni da fasfo, ba ni da biza. Na ce dattijon nan ya tambaye ni na yi masa ƙarya, kuma duk cikinsu ba wanda ya sani. Ɗan sandan ya daina fara'a, ya ɗauko tasa oba-obar. Ruwan da ya ƙi sauka tun safe ya fara yayyafi. Kak Zarina na ta magana da Malayanci da sauri da sauri, tana roƙo, amma abin ya riga ya bar hannun ɗan sandan.

Zangona na ƙarshe ba zan tsawaita shi ba, don har yau in na tuna shi abinci ba ya shiga. Kwana goma sha a ofishin 'yan sanda, sai kotu, sai sansani. Mutum kan mutum, tari ko ta ina, ana fitar da wasu ba a dawo da su. Na yi zazzaɓin da na ɗauka shi ne ajalina. Malam Sagir da Kak Zarina su suka yi ta zirga-zirga har takardar komawata ta fito bayan wata huɗu. Daga bakin Malam na ji an yi ta kiran Ankul ana yi masa tambayoyi, kuma garejin ya daɗe a rufe.

Sau ɗaya ya zo ganina, tun ina ofishin 'yan sanda. Aka fito da ni, ga shi zaune a bayan gilashi da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Ya rame. Na shirya maganganu da yawa, amma da na zauna sai na ce, "Ankul, ka yafe mini."

Ya gyara riƙon sandarsa.

"Na mayar da wayar kwayil ɗin," ya ce. "Murzawa ɗaya ta tashi."

Na sunkuyar da kai.

"Takarda ba ta dame ni ba. Da ka faɗa mini, da na bar ka a gareji ranar, da mun nemi hanya. Amma wata goma kana cin abinci a gidana, sai ya zama kashe mini mota ya fi maka sauƙi a kan ka faɗa mini kalma ɗaya."

Ya dafa sandarsa ya miƙe. Na kira shi, bai juyo ba.

Yanzu ina Ƙofar Ruwa, na koma ƙarƙashin motocin da na baro. Bayan na dawo na rubuta masa dogon saƙo, na faɗa masa komai tun daga Alhaji Ɗanlami, ban rage ko ɗaya ba. Wayata ta nuna ya karanta a ranar. Shekara biyu ke nan, bai ba ni amsa ba.